Abin Da Mai Raba Wasiƙu Na Holan Ya Samu, Maharban Bagudo Suka Rasa

Ran 1 ga watan Janairu na 2007, a wani zaure da ke garin Purfleet kusa da Landan, wani mutumin ƙasar Holan mai suna Raymond van Barneveld ya kara da Phil Taylor na Ingila a wasan ƙarshe na gasar duniya ta jifa da ƙananan kibau, watau wasan nan da Turawa ke kira dats. Kafin wannan dare Taylor ya riga ya ci kambin duniya har sau 13, kuma da aka fara sai ya cinye turmi uku na farko a jere, har 'yan kallo suka fara ɗauka magana ta ƙare. Van Barneveld bai karaya ba. Ya yi ta bin sa sannu a hankali har suka yi kunnen doki, turmi shida-shida, aka kai ga zagayen raba gardama, ya kuwa cinye shi. Ya koma gida da kambi da kuma fam 100,000. Shekara goma kafin wannan rana, sana'ar mutumin nan ita ce raba wasiƙu gida-gida a birnin Hague.

Mai karatu da ke zaune a Bagudo, ko Illo, ko Ka'oje, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Wasan ba na ƙasar nan ba ne, kuma da wuya a sami mutum ɗaya a kasuwar Tsamiya da ya taɓa jin sunan mutumin. Duk da haka labarinsa ya shafi wannan yanki fiye da yadda ake zato, domin sana'ar da ta ɗaukaka shi ita ce iya saiti, watau ido da hannu su yarda da juna, kuma babu wanda zai koya wa mutanen tsohuwar ƙasar Borgu wannan. Tambayar da ya kamata hukumomin Jihar Kebbi su yi wa kansu ita ce, me ya sa saitin ɗan Holan ya zama masa abinci da suna, na ɗan Illo kuwa yake mutuwa tare da tsofaffin maharba?

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Ana rataya wani allo mai kama da faifai a jikin bango, tsakiyarsa mita 1.73 daga ƙasa. Mai jifa yana tsayawa nesa da shi da mita 2.37, kamar taku uku ke nan, ya jefa ƙananan kibau uku da hannu, sa'an nan abokin karawarsa ya jefa nasa. An raba faifan gida 20, kowane gida da lambarsa. Akwai siririn zobe a bakinsa wanda ke ninka maki biyu, da wani a ciki wanda ke ninka shi uku, saboda haka mafi yawan abin da kibau uku za su kawo shi ne 180. Kowa yana farawa da maki 501, ana ragewa har a kai sifili, amma dole kibiyar ƙarshe ta faɗa cikin zoben baki ko tsakiyar faifan sosai. Gwanin gwanaye yana iya gamawa da kibiya tara kacal, ba a iya yin ƙasa da haka. Iyakar wasan ke nan. Ba ya bukatar fili, ba ya bukatar doki, kayansa duka ba su kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba. Amma kuwa a gasar duniya ta 2026 ladan wanda ya zo na ɗaya ya kai fam miliyan ɗaya.

An haifi van Barneveld ran 20 ga Afrilu na 1967, ya fara jifa yana da shekara 17. Abin lura a nan shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya ci moriyar abin. Sai a 1991 ya sami shiga gasar duniya da ake yi a Lakeside a Ingila, aka kuwa fitar da shi tun a karon farko. A 1995 ya kai wasan ƙarshe, Richie Burnett na Wales ya kayar da shi. Sai a watan Janairu na 1998, yana da shekara 30, ya rama wa kura aniyarta, ya cinye Burnett ɗin da turmi shida da biyar. Shekara goma sha huɗu ke nan yana tsayawa gaban faifai. Ya sake ci a 1999 da 2003 da 2005. Miliyoyin mutanen Holan suka riƙa zama gaban talabijin suna kallon sa, magoya bayansa suka riƙa ƙetare teku zuwa Ingila sanye da riguna masu ruwan goro, kuma yaran ƙasar suka fara rataya faifai a ɗakunansu.

Sakamakon haka bai daɗe ba ya bayyana, a kansa ma ya fara. A wasan ƙarshe na 2006, wani yaro ɗan ƙasarsa mai shekara 21, Jelle Klaasen, shi ne ya ƙwace kambin daga hannunsa. A cikin shekarar nan kuma wani matashi mai shekara 17 daga garin Boxtel, Michael van Gerwen, ya ci babbar gasar nan ta World Masters. Shi wannan daga baya ya ci kambin duniya a 2014 da 2017 da 2019, ya kuma riƙe matsayin na ɗaya a duniya shekara bakwai cur. Ƙasar da a da ba a sa ta cikin lissafi a wannan wasa ta zama ita ce babbar abokiyar hamayyar Ingila, duk a sanadin mutum ɗaya da ya buɗe ƙofa.

To, amma ba shi ya gina ƙofar ba. Wannan shi ne abin da masu son labarin jarumai sukan manta. Lokacin da van Barneveld ya ɗauki kibiya a 1984, ya tarar da tsani a jingine, matakala bisa matakala. Akwai ƙungiyar unguwa mai gasa kowane mako. Akwai gasar lardi, akwai ƙungiyar ƙasa da ke rubuta sakamakon kowa, akwai manyan gasanni da kowa ke iya biyan kuɗin rajista ya shiga, ko ɗan wane ne shi. Nisan da ya tsaya a Hague shi ne nisan da ake tsayawa a Landan, faifan kuma iri ɗaya ne, saboda haka idan ya ci maki kaza a garinsu, kowa a duniya ya san ma'anar wannan maki. Ba ya bukatar wani babba ya sa masa hannu a takarda. Littafin rajista shi ne mai ba da shaida a kansa. Har yanzu a kan wannan ƙa'ida ƙungiyar PDC, wadda ya koma cikinta a watan Fabrairu na 2006, take tafiya: 'yan wasa 128 ke riƙe da katin ƙwararru, ana jera su bisa yawan kuɗin da kowa ya ci a cikin shekara biyu, wanda ya faɗo ƙasa ya rasa katinsa, wanda yake so kuma ya je ya nema a gasar share fage da ake yi farkon kowace shekara.

Yanzu a dawo gida. Illo, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, tana ɗaya daga cikin tsofaffin masarautun Borgu tare da Busa da Nikki, kuma abin da aka san mutanen Borgu da shi a tarihi shi ne kwari da baka. Maƙwabtansu sun daɗe suna shakkar kibansu masu dafi. Shi kansa Lugard, lokacin da kamfanin Royal Niger ya aike shi Nikki a 1894 don ya riga Faransawa ƙulla yarjejeniya, bai fita daga ƙasar ba sai da kibiya ta same shi a ka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ita ce ta tsaga ƙasar biyu, Nikki ta faɗa ɓangaren da ya zama Jamhuriyar Benin, Illo ta faɗa wannan ɓangare. Layin da aka ja a takarda bai raba gwanintar ba. A duka gefen biyu akwai maharba, akwai sarakunan baka, akwai Fulani makiyaya da suka tashi da baka a kafaɗa, kuma babu ƙauyen da za a rasa yaron da zai kakkaɓo kurciya daga kan reshe da danƙo.

Ina wannan yaro zai kai saitinsa? Nan ne gizo ke saƙa. Namun daji sun yi ƙaranci, bindiga ta maye gurbin baka a hannun mafarauta, kuma babu wani wuri da zai je mako-mako ya gwada kansa da tsaransa a bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita. Idan an ce wane gwani ne a Zagga, wane kuma gwani ne a Lolo, babu hanyar sanin wanda ya fi, sai dai cacar baki a gindin bishiya. Abin da ya rage shi ne bikin kamun kifi na Argungu, inda harbin baka yake cikin wasannin da ake nunawa tare da kokawa da dambe da tseren kwalekwale. Babu mai raina wannan biki. Tun 1934 ake yin sa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Sai dai biki ne na 'yan kwanaki, kuma bayan na 2009 sai da aka kai watan Maris na 2020 kafin a sake yin wani. Yaron da yake da shekara 17 a 2009 ya kai 28 kafin a sake buɗe fili. Da a ce haka aka yi wa van Barneveld, da har ya yi ritaya yana raba wasiƙu.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga amfanin tsari. Daga Bagudo zuwa Gaya ta Jamhuriyar Nijar ba wata tafiya ba ce mai nisa. A 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maradi ya ɗauki takobi na farko. Tun daga nan ake zagayawa da ita jiha-jiha. Kowace daga cikin jihohi takwas tana tace 'yan kokawarta ta aiko da goma, akwai alƙalai, akwai doka, akwai rediyo da talabijin, akwai kuma jerin sunayen waɗanda suka ci takobi shekara bisa shekara. Saboda haka ne sunan Issaka Issaka na Doso, wanda ya ɗauki takobin sau da yawa, ya zama sananne har a garuruwan Kebbi. Ƙarfin 'yan kokawar Doso bai fi na 'yan kokawar Dandi da Bagudo ba don an haife su a can gefen iyaka. Su an yi masu tsani ne. A nan kuwa, manyan 'yan damben da aka yi irin su Shago, ba don waƙoƙin Ɗan Anace ba da tuni an manta da su, domin babu ofishin da ya rubuta wa suka kara da shi, ko a wace rana.

Abin da ake bukata a Bagudo bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, kuma ba ya bukatar kwangilar ginin filin wasa, wanda shi ne abin da jami'ai suka fi ɗoki a kansa duk lokacin da aka ambaci wasanni. Abu na farko shi ne a zauna da sarakunan baka da hakimai a tsai da ƙa'ida guda: nisan kaza, faɗin abin bara kaza, kibiya kaza kowane mutum, baka irin na gida, kibiya mara dafi. Da zarar an tsai da wannan, sai kowace gunduma ta riƙa yin gasa a ranar kasuwarta da rani, bayan an kai shinkafa da gero gida, a kuma sami malamin makaranta guda ya riƙe littafi, ya rubuta suna da gari da maki. Wannan littafi shi ne ginshiƙin al'amarin duka. Idan an yi shekara biyu ana cika shi, za a san goma na farko a ƙaramar hukumar ba tare da gardama ba, kuma su ne za su tafi Argungu ko Birnin Kebbi, a maimakon wanda ke da uwa a gindin murhu. Daga nan hanya a buɗe take, domin harbin baka wasa ne da ake yi har a gasar Olamfik, inda ake harbi daga nisan mita 70. Bakan da ake amfani da shi a can daban ne, yana da tsada kuma, amma ido da natsuwa ba a sayen su a kanti, kuma ya fi sauƙi a koya wa gwani sabon baka da a koya wa mai sabon baka gwaninta.

Akwai kuma wata dama da Bagudo ke da ita wadda Kano da Zariya ba su da ita, watau iyaka. Mutanen Tsamiya da na Segbana, da na Lolo da na Madekali, dangi ne, kasuwanninsu ɗaya, aurensu ɗaya. Gasa tsakanin gefen biyu sau ɗaya a shekara za ta tara jama'ar da ba ƙaramar hukumar da za ta iya tarawa da kuɗinta. Abin da ya sa wasan dats ya yi armashi a talabijin shi ne hamayyar Holan da Ingila, kuma irin wannan hamayya ta 'yan uwa tana nan a shirye a bakin Kwara.

Lalle akwai masu suka, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. Wasu za su ce wasan da ake ba da misali da shi a gidajen giya ya girma, kuma kamfanonin taba da na caca ne suka daɗe suna zuba masa kuɗi. Gaskiya ne. Shekaru da yawa sunan wani kamfanin taba ne a kan gasar Lakeside, sa'an nan kamfanonin caca suka mamaye ta PDC. Babu mai hankalin da zai kawo wannan ƙasar Gwandu. Amma awon nisa da riƙe rajista ba giya ba ne, kuma malamai sun fi kowa sanin matsayin da harbin baka yake da shi a Musulunci. Abin da za a kiyaye shi ne kada 'yan caca su kafa rumfa a gefen fili, wannan kuwa aikin hakimai ne da dattawan gari. Ladan gasa yana iya fitowa daga masu injinan casar shinkafa da manyan dillalan albasa da na shanu, waɗanda ko yanzu sukan yi kyauta a filin kokawa ba tare da an rubuta ko'ina ba.

Wasu kuma za su ce yanzu ba lokacin wasa ba ne, tun da matsalar tsaro ta addabi garuruwan kan iyaka, kuma tara samari da makami a hannu ganganci ne. Wannan ita ce suka mafi nauyi. Amsarta ita ce samarin nan suna nan ko an tara su ko ba a tara su ba, kuma wasu ne ke tara su. Tun daga rufe iyaka da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, har zuwa cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya ga yadda abincin saurayin kan iyaka ya rataya a kan babur da jarka da hanyar daji, yau ta yi riba, gobe doka ta canja ta bar shi hannu rabbana. Saurayin da sunansa yake cikin littafin gunduma, wanda Sarkin Baka ya san shi, wanda yake jiran ranar kasuwa don ya ɗaga matsayinsa daga na bakwai zuwa na biyar, ya fi wuyar ruɗi bisa wanda babu mai neman sa. Ba a ce gasar harbi za ta kawo ƙarshen fasa-ƙwauri ko ta'addanci ba. An dai ce ta fi zama hakanan, kuma kuɗinta bai kai na motar rakiya guda ba.

Ƙarshen labarin van Barneveld ma yana da abin dubawa, domin kada a ɗauka sana'ar wasa zuma ce zalla. A 2009 aka gano yana da ciwon sukari. Ya ci gaba da cin manyan gasanni, ciki har da Grand Slam a 2012 da Premier League a 2014, dukansu biyu a kan van Gerwen, ya kuma ci wa Holan kofin duniya na ƙasashe sau huɗu, amma kambin duniya bai sake dawowa hannunsa ba bayan na 2007. A watan Disamba na 2019, yana da shekara 52, wani Ba'amurke mai suna Darin Young ya fitar da shi tun a karon farko, ya ajiye kibau cikin ɓacin rai. Bayan shekara ɗaya sai ya ga zama ba nasa ba ne. Abin sha'awa shi ne ba a ce masa bismilla ba don ya ci kambin duniya sau biyar. A watan Fabrairu na 2021 sai da ya bi layi tare da yara sa'o'in 'ya'yansa a gasar share fage, ya ci katinsa da hannunsa, kuma kafin watan ya ƙare ya ci gasa guda. Ita kuwa tsohuwar ƙungiyar BDO, wadda aka kafa a 1973, wadda a ƙarƙashinta ya ci kambinsa huɗu na farko, ta durƙushe a 2020 saboda rashin kuɗi da rashin iya shugabanci, bayan manyan 'yan wasanta sun yi ta gudu suna barin ta tun daga ɓarakar 1993.

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda zai kafa irin wannan abu a Kebbi. Idan aka mai da shi kwamitin ba da muƙamai, aka cika shi da 'yan siyasa, aka riƙa yi wa 'yan wasa alkawarin lada ba a biya, ba zai kai damina biyu ba. Ya kamata ragamar ta kasance a hannun sarakunan baka da malaman makaranta, ƙaramar hukuma ta tsaya ga sayen littattafan rajista da abin bara da kuɗin motar kai gwanaye Argungu, a kuma riƙa karanta sakamakon kowane mako a gidan rediyon jiha kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Tsofaffin da suka san itacen da ake sassaƙa baka da shi, da yadda ake murza tsarkiya, ba su da yawa yanzu, kuma kowace shekara raguwa suke yi. Ranin bana ya isa a fara da gunduma biyu, Illo da Ka'oje.